Jita mai lambar 1959 da aka ƙera bara: ina ta yi kama da ta asali, ina suka rabu?

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin sayen kayan kiɗa na wata majami'a a Sabon Tasha ko Narayi da ke Kaduna, ko ya nemi jitar lantarki don situdiyo a Barnawa, ya san yadda cinikin yake tafiya yanzu. Dillali a kasuwar Alaba ta Legas zai turo hotuna ta WhatsApp. Ga jita biyu, ƙira ɗaya, launi ɗaya, kowacce an rubuta mata 1959 a cikin tallar. Ta farko kuɗinta bai wuce na babur ba, ta biyu kuwa ta kama kuɗin mota. Sai wani matashi a cikin makaɗan ya buɗe wayarsa ya nuna ta uku a intanet, wadda kuɗinta zai sayi gida a Unguwar Rimi har a samu canji. A nan ne dattijon da ke riƙe da asusu kan cire tabarau ya ce, "To 'ya'yana, in duk 1959 ce, me ya raba su?"

Tambayar tana kan hanya. Shekarar da ke cikin sunan jita, a mafi yawan lokuta, ba shekarar da aka ƙera ta ba ce.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Akwai tsohuwar ƙira, wadda 'yan kasuwa ke kira bintej. Ita ce jitar da ta fito daga masana'anta a ainihin waccan shekarar. Manyan kamfanonin Amurka biyu ne suka fi suna a wannan harka, Fender da Gibson. In ana maganar Fender, ana nufin daga 1950 zuwa farkon 1965. In Gibson ce, shekarun 1950 zuwa 1960.

Akwai sabon bugu, wato riyishu. Kamar yadda maɗaba'a ke sake buga tsohon littafi, haka kamfanin da ya yi jitar tun farko yake sake ƙera ta yau bisa awon waccan shekarar, ya sa mata shekarar a suna. Sabuwa ce fil, sunan ne kawai tsoho. Ita ma hawa-hawa ce: akwai wadda ake yi a Amurka, akwai ta Meziko da ta Japan, akwai kuma masu sauƙin kuɗi da Squier da Epiphone ke yi a Sin da Indonesiya. Squier ta Fender ce, Epiphone ta Gibson ce, duka halastattu ne.

Akwai relik, sabon bugun da aka tsofar da shi da gangan. A kankare fentin inda hannu ke gogawa, a sa wa ƙarafan tsatsa, a tsattsaga fuskar. Fender ta fara sayar da irinta a 1995, kuma kuɗinta ya fi na wadda ba a taɓa ba.

Sai kwaikwayo da jabu, waɗanda ba abu ɗaya ba ne. Kwaikwayo tana ɗauke da sunan wanda ya yi ta, kamar Tokai ko Greco na Japan. Jabu kuwa ta saci sunan wani ta liƙa. Gwanjo kuma, ko tokumbo, jita ce da wani ya yi amfani da ita kawai. Zuwanta daga Turai a kwantena bai mayar da ita bintej ba.

Yadda tsohuwa ta zama abin nema

Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fitar da jitar da ta zama Telecaster a 1950, sannan Stratocaster a 1954 kan dala 249.50. Gibson, daga garin Kalamazoo, ta fitar da Les Paul a 1952. Samfurinta mai launin fitowar rana, ja a gefe rawaya a tsakiya, an yi shi daga 1958 zuwa 1960 kawai, kuma jimillar abin da aka ƙera bai wuce kimanin 1,700 ba. Kasuwarsa ba ta yi kyau ba a lokacin, aka dakatar da shi.

Abu biyu suka juya lamarin. Na farko, a tsakiyar shekarun 1960 makaɗa irin su Keith Richards da Eric Clapton da Mike Bloomfield suka riƙa fitowa da waɗannan Les Paul ɗin da aka daina yi, matasa suka bazama nemansu a shagunan gwanjo. Na biyu, kamfanonin suka sauya hannu. CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, ta sayi Fender a Janairun 1965 kan dala miliyan 13, Gibson kuma ta koma hannun kamfanin da ya zama Norlin a 1969. Aka ƙara yawan abin da ake fitarwa, aka sauya fenti, aka sauya yadda ake haɗa wuya da gangar jiki, jita da yawa suka ƙara nauyi. Makaɗa suka fara cewa ta da ta fi.

Masana'antun Japan ne suka fara cin moriyar wannan ƙorafi. A ƙarshen shekarun 1970 suna ƙera kwaikwayon tsofaffin samfura da kyau sosai, har ta kai Norlin ta shigar da ƙara a 1977 kan siffar kan jitar Ibanez. Daga baya Fender ta ga gara ta kwaikwayi kanta. A 1982 ta kafa reshe a Japan, ta kuma fitar da sabon bugun Telecaster ta 1952 da Stratocaster ta 1957 da ta 1962. Gibson ta fitar da nata jerin na tarihi a 1993.

Bugun farko-farkon nan ba su dace da na asali sosai ba. Masu ido sun riƙa nuna kuskure a lanƙwasar gangar jiki da tazarar ɗigon da ke kan wuya. Shekara arba'in ke nan ana gyara waɗannan kurakurai ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane gyara yakan zo da sabon suna da sabon farashi.

Abin da awo zai iya kamawa

Duk abin da za a iya aunawa, an kama shi. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa gada, inci 25.5 a Fender da 24.75 a Gibson, bai taɓa zama matsala ba. Kaurin wuya, lanƙwasar fuskarsa, girman ƙarafan da aka jera a kai waɗanda makaɗa ke kira furet, tudun fuskar Les Paul, duk yanzu ana ɗaukar awonsu daga tsofaffin jita da na'ura, injin da kwamfuta ke sarrafawa ya sassaƙo su daidai. Gibson ta koma amfani da gam ɗin fatar dabba wajen haɗa wuya a manyan bugunta, kamar yadda ake yi a da. Hatta irin robar maɓallan murɗawa an bi diddiginta.

Inda maganar take da nauyi shi ne maɗaukin sauti, abin da makaɗa ke kira fikof. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko gurmi da zai ƙara wa tsirkiya murya. Abin da take da shi maganaɗisu ne a ƙarƙashin tsirkiyoyin, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe mai sirantar gashin kai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai 'yar wuta kaɗan ta taso a cikin naɗin, ita ce ke tafiya amfilifaya ta zama sauti. A Stratocaster naɗin yakan kai zagaye 8,000. A Les Paul, tun daga 1957, naɗi biyu ne gefe da gefe, kowanne kimanin 5,000, dabarar da Seth Lover ya ƙirƙiro don kashe gurnanin wuta. Waɗannan su ne ake kira PAF, saboda 'yar takardar da aka manna a bayansu mai rubutun "Patent Applied For", wato an nemi rajistar ƙirƙirar.

Ba wani sirri a cikin kayan. Maganaɗisun alniko, haɗin alminiyom da nikel da kobalt, har gobe ana yin sa. Wayar ma ana samu. Wasu daga cikin mutanen da suka yi aikin tun farko ma sun daɗe a bakinsa: Abigail Ybarra ta shiga Fender a 1956, ta yi ta naɗa fikof har ta yi ritaya a 2013. Wanda ya buɗe sabon bugu mai kyau ya buɗe tsohuwa, zai ga waya mai rigar zane iri ɗaya, liƙin dalma a wuri ɗaya.

Itace da fenti

Nan ne kwafi ya fara gazawa. Fuskar wuyan tsofaffin Gibson, da na Fender daga 1959, an yi ta da wani itace na ƙasar Birazil mai duhu da maiƙo. An sare shi har ya kusa ƙarewa, kuma a 1992 yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke barazanar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa shi a rukunin da aka fi tsananta wa. Yau yawancin sabon bugu da ɗan'uwansa na Indiya ake yi. Wannan ba baƙon labari ba ne a wajenmu. Haka aka yi wa madobiya a dazuzzukan Najeriya, ana loda ta zuwa Sin, har ita ma ta shiga jerin CITES a 2017. Itacen mahogani da Gibson ta yi amfani da shi a da daga tsofaffin dazuzzukan tsakiyar nahiyar Amurka yake, na yanzu kuwa da yawansa shukawa aka yi. Masu sauƙin kuɗi sukan yi amfani da danginsa na Afirka, 'yan'uwan maɗacin da ke bakin titunanmu. Wani abin lura ma, Flying V da Explorer na 1958, waɗanda ke cikin jita mafi tsada a duniya, da itacen Afirka ta Yamma aka yi su, wanda Gibson ta raɗa wa suna korina.

Fentin da, naitiro ake ce masa. Siriri ne, yana ci gaba da bushewa shekara da shekaru, yana rawaya, yana tsattsagewa. Fender ta koma fenti mai kauri irin na roba wajen 1968. Manyan sabbin bugu sun dawo da naitiro, amma haɗin na yanzu ba lallai ya zama irin na da ba, domin mai sayen sabuwar jita ba ya son ya ga ta tsage a wata uku.

Launin ma yana da nasa rikicin. Jan rinin da Gibson ta yi amfani da shi a 1958 da 1959 ba ya jure rana, yana koɗewa kamar atamfar da aka manta a kan igiya. Yawancin tsofaffin da ake gani yau masu launin zuma ko lemun tsami, jajaye ne a ranar da suka bar Kalamazoo. To wanne za a kwafa, yadda take a 1959 ko yadda ta koma bayan shekara sittin? Kamfanin yana sayar da duka biyun.

Wace ta asalin?

Wannan ita ce gaɓar da tallace-tallace ba sa so a daɗe a kanta. Tsofaffin jitar ba su yi kama da junansu ba.

Da hannu ake goge wuya a wancan zamani, don haka na ma'aikacin safe daban, na ma'aikacin yamma daban. Injinan naɗa fikof na Gibson ba duka ke tsayawa da kansu ba, sai ma'aikaciya ta ga ya cika ta tsayar. Shi ya sa in aka auna PAF goma da ma'aunin turjiyar waya ga wuta za a samu wasu wajen om 7,000, wasu sun doshi 9,000, kuma wannan bambanci kunne yana jin sa. Maganaɗisun ma wanda ke cikin akwati a ranar shi ake ɗauka. Maɓallan ƙara sauti an yarda su kauce wa lambar da aka rubuta musu da kashi ashirin cikin ɗari. Fender ta yi amfani da itace iri ɗaya har tsakiyar 1956, sannan ta koma wani, kuma ko a cikin iri ɗaya wani katako ya fi wani nauyi nesa ba kusa ba.

Saboda haka in aka ce sabon bugu ya yi daidai da ta 1959, sai a tambaya, wacce daga cikinsu? Abin da kamfani ke yi shi ne ya zaɓi 'yan ƙalilan da aka yaba, ya ɗauki awonsu, ya yi dubbai a kan wannan awo. Sakamakon shi ne sabbin sun fi tsofaffin daidaito. Da wuya ka ci karo da mummuna a cikinsu. Tsofaffin kuwa akwai na ban mamaki, akwai kuma waɗanda in ba don shekarunsu ba, ba mai waiwayarsu. Waɗanda suka yi suna, an shekara sittin ana tace su daga hannu zuwa hannu.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu fifita tsohuwa suna da hujjoji uku. Sun ce itacen da ya shekara sittin yana bushewa ya fi sabo sauƙi da amsawa. Sun ce wuyan da hannu ya goge tsawon shekaru yana da wani laushi da takardar yashi ba ta bayarwa. Sun kuma ce mai kiɗa ba da kunne kaɗai yake ji ba, yana jin girgizar a ƙirjinsa da tafin hannunsa, kuma abin da ya ji shi ke sauya yadda yake kaɗawa. Wannan hujja ta ƙarshe tana da ƙarfi, ba a kuma iya rushe ta da na'urar awo.

Ɗaya ɓangaren sun ce fikof ba ya jin itace, motsin ƙarfe kawai yake ji. Manfred Zollner, farfesa a Regensburg ta Jamus, ya shafe shekaru yana auna jitar lantarki, kuma abin da ya tsaya a kai shi ne tasirin itacen gangar jiki ƙarami ne in aka kwatanta da fikof, da tsirkiya, da wayar haɗi, da amfilifaya da lasifika. Ba a ce itace ba ya komai ba. Wuya musamman yana iya shanye ƙarfin wasu muryoyi su mutu da wuri. Amma rabonsa a cikin abin da mai sauraro ke ji bai kai yadda ake zuzutawa ba.

Sukan kuma kawo misalin gogen Turawa. A wani bincike da Claudia Fritz da abokan aikinta suka wallafa a 2014, an rufe wa ƙwararrun makaɗa goma ido da tabarau mai duhu, aka ba su goge goma sha biyu, shida sababbi, shida tsofaffin Italiya, biyar daga cikinsu na Stradivari, shahararren maƙerin goge na Italiya. Shida daga cikin goman suka zaɓi sabo, kuma da aka ce su faɗi wanne ne tsoho, amsarsu ba ta fi ta mai canki-canka ba. Goge ba jita ba ne, gaskiya. Sai dai goge kacokan da itacensa yake magana, in har a can an kasa rarrabewa, to a jitar da sautinta ke bi ta waya da lasifika abin ya fi wuya.

In aka auna hujjojin, abin da ya fi tsayuwa shi ne: a hannun mai kaɗawa bambanci yana iya kasancewa, a kunnen wanda ke zaune a benci na goma kuwa da wuya ya kai.

Me ake biya?

Les Paul ta 1959 dala 265 aka sayar da ita sabuwa. Yau ta asali tana cin ɗaruruwan dubban daloli. Sabon bugunta na Amurka yana farawa daga wajen dala dubu shida, wanda aka tsofar kuma ya haura haka sosai. Ta Epiphone mai suna iri ɗaya ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da kuɗin ke bi. A watan Yunin 2019 an yi gwanjon baƙar Stratocaster ta David Gilmour, makaɗin jitar ƙungiyar Pink Floyd, a New York kan dala 3,975,000. Jitar ta 1969 ce, wato zamanin CBS da ake kushewa. An sauya mata wuya ba sau ɗaya ba, an sauya fikof, an huda jikinta an toshe. Da ta wani ce daban, dillalai da sun ce an lalata ta, domin a ƙa'idarsu sake fenti kaɗai yana iya zubar da kusan rabin darajar tsohuwar jita. Hannun da ya riƙe ta aka saya. Wannan kuwa ba masana'antar da za ta iya sake buga shi.

Abin da ya shafi mai kiɗa a Kaduna

Na farko, jabu. A watan Nuwamban 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta nuna jabun Gibson sama da 3,000 da ta kama a tashar ruwan Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. In suna shiga can da wannan yawa, ba abin da zai hana su shiga Apapa. A canjin da dala ɗaya ta wuce naira dubu, lissafin ba shi da wuya: sabuwar Gibson ta Amurka a kan naira dubu ɗari uku ba ta gaske ba ce. A nemi hoton bayan kan jitar inda lamba take, a duba 'yar murfin da ke saman wuya. Ta Les Paul ɗin Gibson sukuru biyu gare ta, jabu da yawa uku suke sawa. Epiphone ta gaske ta fi Gibson ta ƙarya, ko a sauti ko a ranar da za a sayar.

Na biyu, kama da ta asali yana zuwa da matsalolin ta asali. Stratocaster irin ta 1950 da wani abu tana da fikof mai naɗi ɗaya, wanda ke kwasar gurnanin wuta. A ɗakin da ke kan janareta, wayarin ba shi da waya ta ƙasa, ga fitilu da fankoki a layi ɗaya, wannan gurnani yana iya rufe kiɗan. Furet ɗinta ƙanana ne, fuskar wuyan ta fi lanƙwasa, wanda ya saba da ta zamani zai ji tsirkiya tana shaƙewa in ya ja ta sama. Ga kuma sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake murɗawa a miƙe shi. A tsohon tsarin Fender bakinta yana gindin wuya, sau da yawa sai an sassauta sukurori an ɗaga wuyan kafin a kai gare ta.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a garin da ke da yanayi biyu masu nisa da juna. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55. A Kaduna, watan Agusta yana wuce 80, hunturu kuma yana saukar da shi ƙasa da 20 a wasu ranaku. A watan Janairu, sa yatsa ka bi gefen wuyan jitar da aka bari a jingine a bango: itacen ya tsuke, bakin furet ya fito yana karce fata kamar haƙoran zarto. Da damina wuyan ya sake motsawa, tsirkiya ta yi sama ko ta kwanta tana zizar ƙarfe. Jitar da ke nan tana bukatar saiti sau biyu a shekara, kuma wadda sai an kwance wuya kafin a saita ta, ba kowane mai gyara ne zai taɓa ta ba. Fentin naitiro shi ma ba ya shiri da turaren fesawa, ba ya shiri da robar wasu sandunan jingina jita, tana narkar da shi ta bar tabo.

Makaɗan Abzinawa na Nijar, waɗanda kiɗan jitarsu ya zaga duniya, da yawansu da abin da ya samu suka fara. Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kafin Stratocaster ta zo hannunsa. Kwamitin da ke da kuɗin sabon bugu na Amurka guda ɗaya, kuɗin nan zai iya sayen ta Meziko ko Squier mai kyau, da amfilifaya ta ƙwarai, da akwati mai tauri saboda hunturu, da wayoyin haɗi masu kyau, a kuma kira mai wayarin ya kafa wa soket ɗin dandamali waya ta ƙasa. Amfilifayar da aka sayo daga Amurka kuwa a duba bayanta kafin a jona, domin tasu wutar 120 ce, tamu 230.